Lamba ta Goma Sha Biyu

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sabon littafi. Wancan ya cika tun makon jiya, rabinsa duk ƙorafin famfo ne da makewayi. Babansu ya ce in aka tara littattafan nan nawa za a yi wa mutum katanga da su. Na ce shi fa, shekara arba'in yana kafinta, har yau ƙofar kicin ɗina da ƙafa ake rufe ta. Ya yi dariya ya ƙara mini shayi.

Saura kwana ashirin da shida a miƙa makullai. Gida goma sha biyu, kowanne ɗaki biyu da falo, da famfonsa a ciki. Shekara tara ƙungiyarmu ta 'yan haya tana bin filin nan, shekara uku ana gini. Jiya na tsaya a falon gida na farko, warin fenti ya sa ni atishawa har uku, amma ban so fita ba.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ranar ofis. Mutum goma sha ɗaya a kan benci, fanka tana juyi tana kuka kamar tsohuwar akuya. Wani an cire masa ƙofar ɗaki don ya tashi. Wata an ce yaranta sun cika surutu. Na rubuta wasiƙa huɗu, na yi faɗa biyu, na sha ruwa da yawa. Ina son ranakun nan, ba zan ɓoye ba. Tun ina aiki a gidan waya na rubuta wasiƙar farko, ranar da aka watsar da kayan maƙwabciyarmu a titi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, hannun bai gaji ba.

Tela ta shigo daga ƙarshe. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu da keken ɗinki. Masu gidaje bakwai ta je wa, bakwai ɗin duk magana ɗaya: ba sa ba mace haya sai da namiji a gaba. Ita ce ta goma sha biyu a jerinmu, ta ƙarshe da za ta samu gida. Ba ta sani ba tukuna, ƙa'ida ce ba a faɗa wa kowa sai an liƙa a ƙofa. Ta tambaye ni ko tagogin sababbin gidajen suna da faɗi, wai don ta san irin labulen da mutane za su nema. Na ce suna da faɗi daidai gwargwado. Da ƙyar na riƙe bakina.

Dogo, shugabanmu, ya karɓi jerin da na rubuta da hannu zai kai a buga. Tsohon direba ne, da shi muka fara ƙungiyar nan lokacin ba mu da ko kujera. Ya ce rubutuna ya fara kama da sawun kaji.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo ya kawo takardar da aka buga. Na karanta sau uku. Na goge tabarau na sake karantawa.

Na ce, "Dogo, an yi kuskure a layin ƙarshe."

Ya ce, "Yaya, ki liƙa kawai."

"Na ce an yi kuskure."

Ya tsaya yana duba fanka, wai tana son mai. Na sa takardar a durowa na kulle. Ban liƙa ba.

Kasuwa yau tumatir ya yi kyau. Na saya da yawa, ban san me zan yi da shi ba.

Juma'a, 6 ga wata, tsakar rana

Na wanke labulaye duka. Ba su yi datti ba.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

'Yata Auta ta zo da yaran kamar kowace Asabar. Gidan ya cika da hayaniya, abin da nake so. Ta karɓi ludayin daga hannuna ta ce in zauna, yau ita za ta yi girkin. Rabon da ta yi haka tun kafin ta haifi ta ukun. Tana yanka albasa tana 'yar waƙa. Ta yi kyau, fuskarta ta sake.

Babbar jikata ta hau cinyata ta raɗa mini a kunne, "Kaka, za mu samu ɗakinmu ni da ƙanwata, har da taga." Uwarta ta kira ta da sauri, wai ta zo ta wanke hannu.

Shinkafar ta yi daɗi. Babansu ya ci faranti biyu bai ɗago kai ba.

Bayan sun tafi na ɗauko tsohon littafin rajista. Auta lamba ta goma sha tara ce. Ni na rubuta ta da hannuna shekara huɗu da suka wuce, ranar da ta zo ta bi layi kamar kowa, har na yi alfahari da ita. Goma sha tara. Na duba ko ta canja. Ba ta canja ba. Amma sunanta ne a layin ƙarshe na takardar da ke durowa.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sami Dogo a ƙofar gidansa yana wanke tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya ba ni kujera ya ci gaba da wanki, ya ba ni baya.

Ya ce, "Yaya, shekara talatin kina sama wa 'ya'yan wasu rufin asiri. Sau nawa aka tsare ki? Sau nawa aka zage ki a titi? Ko tsinke ba ki taɓa ɗauka ba. Yanzu don an matsa da suna ɗaya?"

Na ce, "An matsa da suna biyu. Ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka."

"Telar nan ta goma sha uku ta koma. In an yi gini na gaba ita ce farko."

"Wannan ginin shekara goma sha biyu ya ɗauke mu."

Ya matse tsumma. Na ce, "Wa ya roƙe ka?"

"Ba wanda ya roƙe ni." Ya faɗa da sauri, tun ban rufe baki ba.

Shekara talatin na san Dogo. Ko hanyar da zai bi da mota sai ya yi shawara da mutum uku.

Matarsa ta kawo mini lemo mai sanyi. Na sha, na gode, na dawo gida.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Babansu ya gyara ƙofar kicin. Ban ce ya gyara ba. Tun da sassafe ya cire ta, ya fere gefen, ya sa sababbin ƙusoshi. Yanzu da yatsa ɗaya take rufuwa. Daga nan ya koma kan kantar da ta karkace tun bara.

Ban tambaye shi ko shi ne ya roƙi Dogo ba. Na dafa masa shayi mai kauri yadda yake so.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mutane sun fara tambaya me ya hana a liƙa sunaye. Na ce jibi, bayan zaman kwamiti.

Da na tashi daga ofis ƙafata ta kai ni shagon Tela, na fake da cewa zan rage tsawon wata riga. Shagon taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Keken a bakin ƙofa, teburin yanka a ciki. Na lura da katifa a naɗe a ƙarƙashin teburin, da jakar makaranta biyu a rataye a ƙusa. Na san a nan suke kwana, a rubuce yake a fayil ɗinta, amma fayil ba ya nuna wa mutum cewa ƙafafun babbar 'yar ba za su miƙe a wurin ba. Wanka sai sun je gidan wata abokiyar cinikinta kafin gari ya waye sosai.

Ta auna rigar tana ba ni labarin wata mata da ta kawo yadi ɗaya tana son riga da zani da ɗankwali, wai har a bar mata ragowa. Na yi dariya har da hawaye. Ba ta tambaye ni zancen gida ba ko sau ɗaya.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Auta.

Matakala talatin da takwas ce zuwa ɗakinsu. Na ƙirga. Ruwa ba ya hawa saman, da bokiti take ɗaukowa, safe da yamma, kafin ta tafi makarantar da take koyarwa da bayan ta dawo. Mijinta yana tuƙin babbar mota, sai ya yi mako uku a hanya. Bangon da ke bayan gadon yara ya yi baƙi da danshi, ta rufe shi da kalanda. Ƙaramar tana tari, irin mai fitowa daga ƙirji.

Na faɗi abin da na je faɗa. Ba zan rubuta shi ba, na san shi.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da ninke kayan yara. Ta ce, "Mama, kin san sau nawa muka ci abinci da sanyi muna jiranki, kina can kina neman wa wasu ɗaki?"

Na ce na sani.

"Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta kina kotu da wata mata da ko sunanta ba ki tuna yanzu."

Ina tuna sunanta. Ban faɗa ba.

"Ban taɓa cewa komai ba. Yanzu sau ɗaya, Mama. Ni ba mutum ba ce?"

Na ce, "Ke mutum ce. Ta goma sha tara."

Wannan bai kamata in faɗe shi haka ba. Gaskiya ce, amma ba da wannan muryar ba, muryar ofis ce ta fito. Ta buɗe mini ƙofa ta ce in sauka a hankali, matakala ta biyar ta fashe.

Talatin da takwas ce a saukowa ma.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Zaman kwamiti, mu biyar. Na ajiye takarda biyu a kan tebur, wadda na rubuta da wadda aka buga, na ce su gwada su. Na yi niyyar in tsaya a nan. Amma Lauya, yarinyar da take taimaka mana kyauta ranar Alhamis, idonta kamar allura yake. Ta ce, "Mama, wannan ai sunan 'yarki ne. Kuskuren wa ye?"

Kafin in buɗe baki aka riga ni.

Dogo ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka. Ya ce, "Nawa ne. Kuma ba kuskure ba ne, da gangan na yi. Ita ba ta sani ba sai da ta gani." Ya ciro makullin ofis daga aljihu ya ajiye a gabana, ya yi sallama ya fita. Bai ambaci kowa ba.

Na sake rubuta jerin da hannuna, sawun kajin da komai. Mu huɗu muka sa hannu. Ni na liƙa shi a ƙofa, na danne kusurwoyin da babban yatsa.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Tun ƙarfe bakwai ƙofar ofis ta cika. Wani dattijo mai gyaran takalma, na uku a jerin, ya sa aka karanta masa sunansa sau biyu, sannan ya ce a karanta na maƙwabcinsa ma ya ji ko daidai ake karantawa. Tela ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa. Da ta kai ƙarshe sai ta zauna a ƙasa, a nan bakin titi, tef ɗin awo a wuyanta. Na zauna kusa da ita a kan dakali muna kallon motoci.

Rana mai kyau ce. Ina so in rubuta wannan don kada in manta: rana mai kyau ce.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ba ta zo ba. Na dafa da yawa, na aika wa maƙwabta.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Muna zaune a tsakar gida, Babansu yana goge wata ƙafar kujera da takardar yashi, ta riga ta yi santsi tun ɗazu. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tarin yarinyar nan nake ji a kunnena, ko ina cikin kasuwa."

Na ce, "Ni ma."

Ya ce, "Mutum in ya tsufa sai ya riƙa ganin kamar lokaci zai ƙure masa bai yi wa nasa komai ba."

Na ce, "Haka ne."

Ya buɗe baki zai ƙara, na ce ya miƙo mini tsintsiya, ya cika wurin da garin katako. Shekara arba'in da biyu muna tare. Akwai maganar da in ta fito sai an nemi inda za a ajiye ta, ni kuwa ba ni da wuri yanzu.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ofis ba Dogo. Babu wanda zai miƙa hannu ya ɗauko fayil daga saman kabad, sai da na hau kujera, Lauya tana riƙe da ita tana yi mini faɗa.

Wani ma'aikacin asibiti ya zo. Sun gama magana da mai gida ta waya, da ya je aka ji karin harshensa ba na nan ba ne, sai ɗakin ya zama an riga an bayar. Na sa mayafi muka tafi tare. Na ce wa mai gidan ni nake son ɗakin. Ya washe baki ya buɗe mini, har yana nuna mini yadda iska take shiga. Na ce madalla, tunda ɗakin ya dawo, ga mai shi a waje. Ya yi ta kame-kame, daga baya shi da kansa ya fashe da dariya ya ce, "Ke ce Sakatariyar nan, ko? An ce mini ke 'yar guntuwa ce, ban yarda ba." An sa hannu kafin la'asar. Wannan aikin in ya yi daɗi babu kamarsa.

A hanyar dawowa mai kayan miyan da ke kwamitinmu ta tare ni. Ta ce ana cewa a gari wai ni na so cusa 'yata aka kama ni, na ɗora wa Dogo. Ta ce in tara mutane in wanke kaina. Na ce in na wanke kaina, a kan wa ruwan zai zuba? Ta ce ita dai ta faɗa mini.

Bai dame ni ba.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya ɗan dame ni.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ba ta zo ba. Yau ban dafa da yawa ba, na koyi darasi, amma na share ɗakin da yaran suke wasa.

Babansu ya je can da jakar kayan aikinsa, ya gyara matakalar nan ta biyar. Da ya dawo na ba shi ruwa, na jira. Ya ce tarin ya yi sauƙi, an ba ta magani. Na jira. Ya ce babbar ta iya karanta agogo. Na jira.

Ya ce, "Ba ta tambaye ki ba. Amma duk lokacin da na ambace ki sai ta daina abin da take yi."

To. Wannan ma wani abu ne.

Litinin, 23 ga wata, tsakar rana

Na koma wurin Dogo. Ya rame, ko kuwa tsawon ne ya ƙaru. Na ce ba wurinsa na zo ba, wurin motarsa na zo. Iyali goma sha biyu za su tashi ranar Asabar, rabinsu ba su da abin da za su kwashe kaya da shi.

Ya ce, "Ni da na ci amana, wa zai ɗora kayansa a motata?"

Na ce, "Katifa ba ta san wannan labarin ba."

Ya yi murmushi bai so ba. Ya ce ya ji abin da ake faɗa a kaina, zai tsaya a gaban jama'a ranar Asabar ya faɗi gaskiya. Na ce ya riga ya faɗa a inda ya kamata, ranar Asabar ta masu gidaje ce. Na ajiye makullin ofis a kan bonet ɗin motar. Na ce kwamiti ya ce shugabanci sai an sake zaɓe, amma fanka ba ta jiran zaɓe, mai take so.

Ya ce, "Yaya, wallahi don ke na yi."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa ya yi ciwo."

Ya ɗauki makullin.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Tela ta zo gida, ba ofis ba. Ta kawo rigar da na ba ta a ninke cikin leda. Ta ƙi zama a kujera, ta tsuguna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Mama Sakatariya, na ji labari. An ce saboda ni kika ɓata da 'yarki."

Na ce mutane ba su da aiki.

"Ni na saba da shagon. Yaran ma sun saba. Ki ba ta gidan, ni in jira na gaba. Bai kamata in shiga tsakanin uwa da 'ya ba."

Rabon da in ji raina ya ɓaci haka na manta. Ba da ita ba, da duk waɗanda suka koya mata cewa in wuri ya yi kaɗan ita ce za ta matsa. Na ce ta tashi ta zauna a kujera. Ta zauna a bakin-bakinta.

Na ce, "Gidan nan ba nawa ba ne da zan ba ki, ba kuma kyauta aka yi miki da za ki mayar ba. Layi kika bi, shekara shida. In kika bar shi, na goma sha uku ne zai hau, ba 'yata ba. Kin gane?"

Ta ce ta gane.

"Kin auna tagogin?"

Ta ce a'a. Na ce to ta tashi mu je, makullin magina yana hannuna. Taga biyar ce. Ta auna kowacce sau biyu tana rubutawa a tafin hannu. A ɗaki na biyu ta tsaya ta miƙa hannuwanta duka biyu, ba su taɓa bango ba.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An miƙa makullai.

Ba jawabi mai tsawo, na hana. Dogo ya yi sawu tara da a-kori-kura, ta mutu sau biyu, maza suka tura. Mai gyaran takalma ya buɗe famfonsa ya tsaya yana kallon ruwa har sai da matarsa ta rufe. Keken Tela mutum huɗu suka shigar da shi, tana binsu tana cewa a kula da ƙafarsa. Babansu ya wuni a gidanta yana kafa mata kantoci, ya ƙi ko shan ruwa sai da ya gama. 'Yan matanta kowacce ta kwanta a tsakiyar ɗaki a kan siminti tana juyi.

Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe. Na ji daɗi ƙwarai. Na riƙa waiwayen bakin hanya, ban san dalili ba.

Talata, 31 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mutum takwas a kan benci. Ta shida Auta ce.

Na gan ta tun da na buɗe ƙofa. Ba ta gaishe ni ba, ba ta tsallake layi ba. Na saurari mutum biyar, ban san me na ce musu ba, Allah ya sa na faɗi daidai. Da layi ya zo kanta ta zauna a gaban teburina ta ɗora jaka a cinya.

Na ɗauko sabon fayil. Na ce, "Suna?"

Ta ce, "Kin fi ni saninsa."

Na rubuta. Na ce, "Me ke tafe da ke?"

Ashe tun farkon wata, da aka ba ta tabbacin nan, ta gaya wa mai gidansu za su tashi. Shi kuma ya yi wa wani alkawarin ɗakin. Yanzu ya ce nan da kwana bakwai su kwashe, jiya ya sa kwaɗo a famfon ƙasa. Mijinta yana hanya. Mako uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Na ce, "A rubuce kika gaya masa?"

"Da baki."

"Takardar yarjejeniyarku tana nan?"

Ta ciro ta daga jaka. Na karanta. Layi na huɗu ya ce sai an ba da notis na wata shida kafin a tashi mutum, kuma a rubuce, ga sa hannunsa a ƙasa kamar ƙadangare ya bi ta kan tawada. Gyaran bango ma a kansa yake, layi na bakwai.

Na ce, "Gobe ƙarfe tara. Ki sa takalmi mai daɗin tafiya."

Ta ce, "Haka kike ce wa kowa?"

Na ce, "Kowa."

Laraba, 1 ga sabon wata, ƙarfe biyu na rana

Mai gidan mutum ne mai tumbi da murya. Ya fara da cewa gidansa ne, ba wanda zai koya masa yadda zai yi da shi. Na bar shi ya gama, irinsu in an katse su daga farko suke sakewa. Na buɗe baki zan fara, sai na ji Auta ta riga ni. Ta karanta masa layi na huɗu, ta karanta na bakwai, a hankali, kamar tana koya wa 'yan aji biyu. Ta ce in yana so a je gaban hukuma ita ba ta da matsala, ranar Alhamis lauyarmu tana nan. Lauyarmu, ta ce. Ta ce kwaɗon nan kuma a cire shi yanzu, tana tsaye.

Ya dube ni ya ce, "'Yarki ce?"

Na ce, "Mai ƙorafi ce."

Ya cire kwaɗon. Wata shida sun tabbata, bango kuma za a kankare shi a yi masa sabon shafe cikin mako biyu, na sa ya rubuta ya sa hannu. Wata shida ba gida ba ne, amma a wata shida na sha samo wa mutane ɗaki a ƙasa mai famfo. Na riga na san ƙofa uku da zan buga.

Ta raka ni bakin titi. Muka yi tafiya har muka wuce shagon mai gyaran keke. Ta karɓi jakar fayil daga kafaɗata ta rataya a tata.

Ta ce, "Har yanzu fushi nake yi da ke fa, Mama."

Na ce, "Yi abinki. Nan dai babu mai ba ki notis."

Ta juya kai gefe don kada in ga bakinta. Mota ta zo, muka bar ta ta wuce.